Ɗumin Shekarau

Da sunan wanda ya ba wuta ƙuna, ya ba raɓa sanyi, ya hana kowannensu zama wuri guda. Ku kasa kunne, ya ku mazauna inuwa. Ni ne Nomau ɗan Kande, ƙanen Shekarau maƙeri, mutumin Rafin Gawayi, wani gari a bayan duwatsu bakwai inda rana ke faɗuwa sau biyu, ɗaya a bayan dutse, ɗaya a cikin tafki. Karatuna bai yi nisa ba. Damina biyu na yi a gaban Malam Ɗan'iya, sai aka ce zuga-zugi ba shi da mai ja, na rataye allona na koma maƙera. Abin da zan ba ku na gan shi da idona, na taɓa shi da hannuna. Hannun ma shi ne labarin.

Cikin duk abin da Malam ya koya mana, abu guda ya zauna mini. Wata rana ya ciro dutse daga wuta ya jefa a ƙwaryar ruwa, ya ce mu taɓa. Ruwa ya ɗume, dutse ya huce. Ya ce, "Zafi ba ya zama. Daga mai shi yake tashi ya koma wurin maras shi, kuma ba ya juyowa don kansa." Ban tsaya na ji sauran ba.

Yayana Shekarau mutum ne mai kama jan ƙarfe da awartaki yana waƙa. Zazzaɓi ya kayar da shi kwana huɗu. Ran na biyar da hantsi na dawo daga rafi, na wanko masa riguna, hannuwana sun yi sanyi ƙarara. Ina durƙusawa kusa da tabarmarsa ya cafke hannuna na dama ya ɗora a goshinsa. Kai ka ce uwar maƙera na taɓa bayan an wuni ana dukanta.

Ya ce, "Nomau."

Na ce, "Na'am, Yaya."

Ya ce, "Na ji sanyi."

Ya lumshe ido. Kafin azahar ya cika.

Da aka zo yi masa wanka na sake taɓa goshin nan, na ji shi kamar gindin tulu. Na taɓa kumatuna da tafin hannuna, na ji ɗumi. Nan take maganar Malam ta faɗo mini kamar guduma. Dutse ya huce, ruwa ya ɗume. Ni ne ruwan. Na zo da hannu mai sanyi na kwashe ɗan abin da ya rage wa yayana, har ya buɗe baki ya gaya mini yana jin sanyi, ni kuwa ban janye ba.

Na yanki walkinsa na fata na naɗe hannun, na bi da audugar rimi, na ɗaure da tsumma. A zaman makoki mutane suka yi ta miƙo hannu, ina sunkuyar da kai, nawa yana bayana. Tuwo ma da hagu na koma ci.

Inna ta ja ni bayan rumbu. "Kai Nomau, mutane sun tako tun daga Gangare don yayanka, kana ɓoye musu hannu kamar wanda ya saci nama? Ciwo ne?"

Na ce, "Ba ciwo ba ne, Inna."

"To mene ne?"

Ta yaya zan dubi matar da ko sunan ɗan farinta ba ta iya faɗa, in ce mata ga inda ƙarshensa ya tafi?

Ran bakwai na je kabarin da niyyar kwance hannun in ɗora a kai. Na tsaya ina kallon ƙasar. Ƙasa tana da faɗi. In na ɗora, saiwar ƙirya za ta sha, tururuwa za su samu, yayana ba zai ga komai ba. Ban ce zai tashi ba, Allah ya sani. Na dai ce kada ya kwanta cikin sanyi saboda ni. Na ƙudura sai na samo wanda ya san yadda ake mayar da ɗumi ga mai shi, shi kaɗai.

Ran arba'in da safe Inna tana juya ɗumame na fito da jakata.

"Ina za ka?"

"Zan mayar da wani abu."

Ta daɗe tana kallon hannun. Ta ƙulla mini gumba a tsumma, ta ce, "In ka je cikin mutane, ka juya baya kafin ka ci da hagun nan."

Na yi wata biyu ina bin arewa. Na ƙetare dajin da itatuwansa ke da ganye a gefe ɗaya, na hau wani tudu inda numfashi ke fita fari. A can na tarar da Birnin Rumbuna. Gidajensu kamar rumbuna suke, bango biyu-biyu, an cusa gashin tsuntsu a tsakani. Su zafi suke tarawa yadda muke tara gero. In biyu sun haɗu, ɗaya ya ce, "Ina ɗumi?" ɗayan ya ce, "Bai tsere ba."

Aka kai ni gaban babbansu, Ma'aji Tunau, wani tsoho da ya sha riguna tara, idanunsa kaɗai ake gani. Na ba shi labarina. Ya kira wata mata da ke daka a tsakar gida, ya ce in sa kumatuna a kan taɓaryarta. Na ji ɗumi.

Ya ce, "Wa ya hura mata wuta?"

Na ce, "Ba kowa."

"Ƙarfin damtsen matar nan ne. Ƙarfi da zafi abu guda ne mai riga biyu. Ba a ƙirƙirarsa, ba a kashe shi, riga kawai yake sakewa. Abin da ya fita daga yayanka bai mutu ba, samari. Yana wani wuri."

Rabona da jin magana mai daɗi irin wannan tun kafin zazzaɓin. Na bi shi cikin babban rumbunsu ina rawar jiki. Tuluna ne jere har iyakar gani, kowanne a naɗe, kowanne da sunansa. Wannan zafin ranar da aka kafa garin ne. Wannan na gashin wani rago ne a bikin kakansa. Wannan ƙarami ɗumin cinyar uwarsa ne. Na sa kumatuna jikin ƙaramin, ta inda naɗin ya yage. Sanyi kamar kowane tulu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yaushe rabon a buɗe?"

Idanun nan suka juyo. "Ba a buɗewa. In an buɗe ya tsere."

Sa'an nan ya ce, "Muna da iri dubu. Ba mu da ɗumin mamaci." Ya ɗaga hannu, ƙarti huɗu suka kama ni.

Da farko hannun suka so yankewa. Na ce musu naman da aka yanke hucewa yake yi, suka ga gaskiyata. Sai suka saka ni ɗungurungum cikin wata randa mai ɗaukar bijimi, suka bar mini huda uku na numfashi, suka kifa murfi, suka buga zoben ƙarfe ya kama wuyan randa da murfin gam. Na tura da kafaɗa, ko gezau.

Ina zaune cikin duhun randa na tuna yadda Shekarau ke sa wa turmin da ya tsage zobe. Sai ya gasa shi tukuna, domin ƙarfe in ya sha wuta buɗewa yake yi, in ya huce ya tsuke.

Na sa baki a huda. "Masu gadi! Kun naɗe randa, kun bar ƙarfe tsirara. Ba ɓarawon zafi irin ƙarfe. Ina ji yana zuƙe ni. In Ma'aji ya zo ya tarar ya tsere, wa zai amsa?"

Na ji suna ƙus-ƙus. Ɗaya ya ce, "To, ɗan randa, yaya za a yi?"

"Ku ƙosar da shi. Ku jera masa garwashi kewaye, in ya ƙoshi ba zai sha nawa ba."

Suka jera. Na ji zoben yana ƙara, ƙis, ƙis, irin ta maƙerarmu. Da rana ta take, aka kira su cin abinci. Na tura murfi da kai, ya ɗago yatsa uku. Na zura hannun hagu na ture zoben, ya faɗi. Na ji warin fatata kafin in ji zafin. Ban yi ihu ba. Na dira, na bi ta ƙofar shanu, na gangara tudun nan da gudu, hannun dama a ƙirjina, ban bari ko iska ta taɓa shi ba.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina gangara, hagu ta kumbura kamar kabewa. Na naɗe ta ita ma. Ruwa sai in kifa baki in sha kamar akuya. Rannan da walaha na fara jin wani sauti, dum, shiru, dum, har ƙasa na amsawa. Na bi shi har garin Tsakani, wanda ke zaune tsakanin koguna biyu. Na gabas tafasa yake yi, tururi na tashi a kansa. Na yamma daga ƙanƙarar duwatsu yake zubowa. A tsakiyar gari ga wata taɓarya mai tsawon giginya tana ɗagawa tana sauka ita kaɗai, tana daka hatsin garin duka.

Mai kula da ita wata ƙatuwar mace ce, Uwani, tururi ya cinye mata gira. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Wane gari ne ake yi wa mutum haka?" Ta zaunar da ni, ta shafa wa hagu man kaɗanya, ta ɗora mini ƙwaryar fura a baki da hannunta. Na sha ina hawaye, ban san na mene ne ba.

Da na farfaɗo ta nuna mini aikinta. Tururin kogin gabas yana shiga wata babbar tukunyar tagulla ya tura murfinta sama, taɓarya ta ɗaga. Sai a watsa ruwan kogin yamma, tururi ya tsuke, murfi ya faɗa, dum.

Ta ce, "Ba zafi ne ke daka ba, ƙanena. Gangarowarsa ce. Yana sauka daga wancan kogi zuwa wannan, mu kuwa mun tare shi a hanya mun sa shi aiki. Shekara uku na yi ina dabarar hana kogin sanyi rabonsa, don in mayar da zafin duka daka. Duk ran da na toshe, sai taɓarya ta tsaya cak. Dole a zubar da wani."

"Ana iya sa shi ya hau tudu, Yaya Uwani?"

"Ana iyawa, da shanu." Ta kai ni wata rumfa inda bijimai goma sha biyu ke zagaya wani turke, suna matsa iska cikin salkuna, a ƙarshen bututu kuma ƙanƙara na taruwa a ƙoƙo. "Ka gani? An fizge zafi daga ruwan sanyi an tura shi waje. Amma taɓa bayan bijimin can. Zafin da suke zubarwa ya ninka wanda suka cire."

Na gaya mata abin da nake nema. Ba ta yi dariya ba. Ta ɗebo ruwan yamma a ƙwarya, ta ɗebo ludayi ɗaya na gabas ta zuba a ciki.

Ta ce, "Cire mini ludayina."

Na dubi ruwan.

"Yana ciki, ko ɗigo bai ɓata ba. Cire mini."

Na ce, "Ya gauraya."

"To. Shanun duniya duka ba za su ware maka shi ba."

Na tambaye ta inda duk abin da ya gauraya yake ƙarewa. Ta ɗaure fuska, ta ce kogunan nan biyu suna haɗuwa a ƙasa, kwana uku a jirgi, kuma a bakin mahaɗar akwai wani wuri da ake kira Birnin Daidai. Na ce a raina, in haka ne sauran ɗumin Shekarau yana can. Zan kai masa wannan ɗan guntun ya cika.

Uwani ta ce, "Ba a tsare kowa a can, amma ba a dawowa. Koma wurin uwarka."

Da ta ga ba zan ji ba, ta fasa ƙanƙara kamar kan jariri ta saka a gora mai faɗin baki, ta cika da ƙaiƙayi. "Don hagun nan. Ka riƙa dannawa."

Mai jirgin da ya yarda ya kai ni wani tsoho ne siriri, Baba Jatau. Yana ganina ya riƙe haɓa.

"Ikon Allah. Ɗan dambe hannu ɗaya yake naɗewa, kai ka naɗe biyu. Wa za ka kayar?"

Na ce, "Ba kowa, Baba."

"Haka na gani. Shiga, kada ka kifar mini da jirgi."

Kwana uku yana tuƙi yana surutu, yana ɗura mini kunu kamar ɗan yaye. Ya ce mutum talatin da ɗaya ya kai, bai komo da ko ɗaya ba. Duk masu makoki ne. Ya ce shi iyakarsa bakin gaɓa, ko an ba shi sarauta ba zai taka ƙasar ba.

Ran na uku kogunan suka haɗu. Tururi ya ɗauke. Ruwa ya rage gudu, ya rage, har ya zama kamar mai. Tsumman da Baba ya ɗaura a kan sanda don ganin iska ya sauka ya manne. Na duba sama, fari fat, haske ko'ina, amma babu rana. Na duba ƙasa, ba ni da inuwa.

Na sauka. Baba ya ce, "Allah ya kiyaye, ɗan dambe." Muryarsa ba ta yi nisa ba.

Ban san yadda zan kwatanta muku Birnin Daidai ba. Babu ƙofa a rufe, babu mai gadi. Na taɓa bango da kumatuna, ban ji bango ba. Na sa ƙafa a kwatami, ban ji ruwa ba. Komai ɗuminsa ɗaya da fatata, har na rasa inda jikina ya ƙare, inda iska ta fara. Ga murhu da tukunya a kai, toka da tukunya da ruwan ciki duk ɗaya. Ga gashin zabuwa a kan katanga, ƙura ta rufe shi, alamar ya shekara bai motsa ba. A gindin bangaye mutane ne zaune, jere, idanu a buɗe.

Na durƙusa gaban wata dattijuwa. "Sannu, Iya. Ina ake ajiye ɗumin waɗanda suka rasu?"

Ta ce, "Ko'ina."

"Na yayana nake nema. Shekarau, maƙeri."

"Yana nan. Da na mijina. Da na jakin da ya mutu bara, da na tuwon jiya." Muryarta ba hawa ba sauka. "Duk ɗaya."

Na zauna kusa da ita. Gumi ya keto mini, ya ƙi bushewa. Sai na ji abin nan da ke cina a ƙirji tun ranar rasuwar yana sassautawa. Wallahi da daɗi. Na ce bari in tuna waƙar da Shekarau ke yi a bakin wuta. Na nemi farkonta, babu. Na nemi fuskarsa, na ga ta fara kama da ta kowa. Ban ma damu ba. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan in na tuna yau.

Ban san tsawon zamana ba. Sai na ji takun ƙafa, abin da garin bai saba ji ba.

"Kai ɗan dambe! Ka bar goranka a jirgi. Ni ba na tafiya da kayan mutane."

Baba Jatau ne, yana haki, rigarsa sharkaf. Ya miƙo goran, sai ya zube a gabana. Na sa kumatuna a goshinsa. Uwar maƙera.

Dattijuwar ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Haka kowa ke yi. Mai rai wuta ce, kullum tana neman inda za ta zubar da zafinta. Nan babu wurin zubarwa. Wannan ya yi tuƙi, tasa ta fi ci. Zai ƙuna, sannan ya daidaita. Ko ya mutu. Duk ɗaya."

Na kifar da goran da gwiwa. Ƙaiƙayi ya zubo jiƙe, a tsakiyarsa ƙanƙara, ta koma kamar ƙwan kaza. Na kai hagu. Yatsun sun ƙi lanƙwasa. Na tallafo ta da bayan hannun, ta zame ta faɗa ƙura. Na sake, ta sake zamewa. Tana raguwa ina kallo. Leɓunan Baba sun bushe, idonsa ya fara yin irin na mutanen gindin bango.

Na dubi hannun dama. Wata huɗu ban ga fatarsa ba. Na san in na damƙi ƙanƙara da shi, abin da na ƙetare duwatsu ina tsaro zai gangara cikinta, ta narke, ƙura ta sha. Ba ludayin da zai ciro mini shi.

Baba ya motsa baki. "Ɗan dambe... ruwa."

Na sa haƙori na kwance tsumman. Auduga ta zube, ta yi baƙi. Fatar walkin ta faɗi. Hannun ya fito fari, a yamushe, kamar na wanda ya daɗe a rafi. Na ce, "Yaya, ka yafe ni." Na damƙi ƙanƙarar.

Na ji yana tafiya. Daga tafi, daga yatsu, har wuyan hannu. Na goga masa a leɓe, a wuya, a bayan kunne, har ta zama kamar ƙwayar gyaɗa, har ta zama ruwa. Ba abin da ya rage sai tafin hannuna, sanyi ƙarara kamar ranar da na dawo daga wanki. Na ɗora masa a goshi.

Kafaɗunsa suka sauka. Layukan goshinsa suka warware a ƙarƙashin yatsuna. Ya saki wani dogon numfashi.

Ya ce, "Wash. Na ji sanyi."

Na daskare.

Ya ƙara cewa, idonsa a lumshe, "Na ji sanyi, ɗan nan. Allah ya yi maka albarka. Kada ka ɗauke."

Kalmomin nan uku ne, ba ragi ba ƙari. Muryar ma ita ce, mai sauka a ƙarshe kamar wanda ya sauke kaya. Wanda sanyi ya dama cewa yake yi ina jin sanyi, yana karkarwa, yana neman bargo. Yayana bai nemi bargo ba. Hannuna ya riƙe, da hannu biyu. Nan fuskarsa ta dawo mini tsaf, har da tabon tartsatsi a gefen hancinsa, waƙar ma ta dawo tun daga farko. Abin da ke ƙirjina ya dawo da ƙarfinsa duka. Na yi kuka irin wanda ban yi ba a makoki.

Ina cikin haka na ji wani abu ya shafi idon sawuna. Inda ruwan ƙanƙara ya jiƙa ƙasa, wata 'yar iska ta taso, ba ta fi numfashin jariri ba. Ta bi gindin bango, ta kai ga gashin zabuwar nan, ya karkata.

Dattijuwar ta juyo da kanta a hankali. Ta ce, "Iska."

Na ce, "Iya, taso mu tafi. Akwai jirgi."

Ta ɗaga hannu kamar za ta kama nawa. Kafin ya iso, ƙasar ta daidaita, gashin ya tsaya. Hannun ya koma cinyarta. Har yau ina ganinsa a tsakanin sama da ƙasa.

Na saɓi Baba Jatau a kafaɗa na kai shi jirgi. Na kama sandar tuƙi da dama, na tokare da gwiwar hagu. Abin da muka gangaro a kwana uku, kwana goma sha tara muka yi muna hawansa. Ran na biyu inuwata ta dawo. Ran na huɗu Baba ya tashi zaune ya ce tuƙina kamar na mai kwasar tuwo. Kullum in na ci gumba na kama sandar tuƙi, sai in ji tafin nan ya ɗume, iska ta kwashe, ya sake ɗumewa. Na yi ta kallonsa. Ashe duk wata huɗun nan ɗumin jikina nake ta naɗewa.

Na iso Rafin Gawayi da sanyin safiya, bayan girbi. Na tsaya a rafi na wanke fuska da hannuwa. Maƙera tana rufe, gizo-gizo ya yi saƙa a bakin zuga-zugi. Inna tana bakin murhu tana juya ɗumame. Ta rame. Ba ta yi guɗa ba, ba ta tashi ba. Hannuna ta fara kallo.

Ta ce, "Ka mayar?"

Na durƙusa na gaya mata duka, tun daga dutsen Malam. Ta saurara, muciya a hannunta.

Ta ce, "Kwana huɗu ina jiƙa tsumma ina ɗora wa yayanka, bai runtsa ba. Yana ta kiran ruwa, yana fizge-fizge. Da ka shigo ka sa masa hannun nan, ina tsaye a bakin ƙofa, na ga ya yi barci. Cikin barcin ya tafi. Kullum in na yi salla sai na gode wa Allah da ya aike ka rafi ran nan."

"Inna, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ka tambaye ni?"

Ta ajiye muciya ta kama hannun, ta juya shi, ta dubi kantar tuƙi. "Kai, da sanyi."

"Daga rafi nake."

Ta ɗaga shi ta ɗora a goshinta, wanda wutar murhu ta gasa. Ta lumshe ido. Ban janye ba. Na bar shi a nan har ya ɗume.

Iyakar tafiyata ke nan, iyakar abin da na gani. Wanda ya zo Rafin Gawayi zai ji guduma tun daga bakin tafki. Ya shigo, ya miƙo hannu mu gaisa.